Kibiyoyin da Suka Nufi Rumfar Mainasara

Idan ka baro Zango ka miƙi hanyar Baure, kafin ka yi nisa akwai wata kwana da ake kira Kwanar Marke. Marken tuni aka sare shi aka yi girki da shi, sunan kawai ya rage. A nan Mainasara mai faci ya kafa rumfarsa, yau shekara talatin da huɗu. Rumfar kwano ce mai dirka huɗu, da benci biyu, da tsohon injin iska wanda sai an lallashe shi yake tashi, da rabin duro cike da ruwa baƙi ƙirin inda yake tsoma tiyub ya nemo huji. Duk mai babur a yankin ya taɓa zama a bencin nan, ko ya so ko bai so ba, domin ƙayar hanyoyin gona ba ta ƙyale kowa.

Ɗan garin da ke bakin kwanar ne, na huɗu cikin maza shida, gonar gidansu kuwa ba ta isa a raba shida ba. Shi ya sa yana tasowa mahaifinsa ya kai shi Daura wajen wani mai gyaran keke. Ya yi shekara biyar yana koyo, ya dawo da famfon hannu da gwangwanin sholisho da taurin kai irin na wanda ya ga birni. Keke ya ja baya, babura suka cika ƙasa, shi ma ya bi su. Ya auri Hussaina, suka haifi bakwai, biyar suka rayu, duk sun yi aure sun kama gabansu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kuwa ko ya wuni yana dirza su da sabulu ba sa komawa launin fata.

Ba facin ne ya sa aka san shi ba. Facinsa dai faci ne kamar na kowa, wasu ma na cewa na Baure ya fi nasa daɗewa. Abin da ya fi kowa shi ne kunne. Ka san sholisho, in an shafa shi sai an jira ya sha iska kafin a manna, in ka yi garaje aikin banza ka yi. To wannan ɗan jiran na minti goma ko sha biyar, shi ne komai. Mutum na zaune, babur ɗinsa na kwance babu taya, ba inda za shi, me zai yi in ba magana ba? Nan za a faɗi yadda gero ya tashi a kasuwar Mai'aduwa, da gonar da tsutsa ta fara faɗa wa, da irin gyaɗar da ya ƙi tsirowa, da wanda ke shirin sayar da sansa a ɓoye. Mainasara na ji, kansa a sunkuye, yana goga tiyub. Na gaba in ya zo ya zauna, sai ya ba shi abin da zai amfane shi kawai, ya cire sunan mai maganar. "An ce tsutsa ta ɓullo ta gabas." Ka tambaye shi wa ya ce, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Wannan hali ba da shi aka haife shi ba, koyonsa ya yi da wuya. Yana sabon dawowa daga Daura ya taɓa gaya wa wani cewa wane ya ce shanun wane ne suka shiga gonarsa. Da suna ya faɗa. Kafin magariba an fasa wa mutum kai da ƙota. Mahaifinsa bai doke shi ba, bai ma yi masa faɗa ba, kwana bakwai dai Mainasara na gaishe shi ba ya amsawa. Tun daga ranar bai sake haɗa magana da sunan mai ita ba. Mutane suka gane, suka saki jiki da shi, har abin da mutum ba zai gaya wa matarsa ba sai ya zube shi a bencin nan. In da za ka tambayi Mainasara abin da ya mallaka a duniya, ba zai ce rumfa ko gona ba, wannan yardar zai ce, kuma yana ji da ita ƙwarai.

Shekara biyu da suka wuce, da rani, wata farar mota ta shigo garin da mutum uku. Shugabarsu Raihana ce, 'yar Daura, injiniya, tana karatun digiri na uku a wata jami'a. Suka yi kwana tara suna shiga gida-gida da izinin mai gari, suna tambayar kowa abu uku: in tsutsa ta faɗa wa gonarka wa kake fara gaya wa, a wajen wa kake jin labarin kasuwa, shawarar wa kake nema kafin ka yi shuka. Tun da Mainasara ya ji ana neman sunaye ya sha jinin jikinsa. Ya ga masu rubuta suna iri-iri a garin nan, na taki, na zaɓe, na tallafi, kuma bai taɓa ganin alherin da ya biyo bayan rubutun ba.

Rana ta takwas ta iso rumfarsa, ta rusuna.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yar nan. Tayar motar ce?"

"A'a, Baba, tambaya gare ni." Ta zauna a bakin benci ta yi masa bayani a hankali. So suke su gane yadda labarin noma ke yawo a gari, daga bakin wa zuwa kunnen wa. In sun gane, za su san inda ya dace su kafa wata 'yar na'ura mai auna ruwan sama da damshin ƙasa, don abin da ta auna ya isa ga kowa da wuri.

"To ki tambayi mai gari mana."

"Mun tambaye shi. Kowa muke tambaya. Suna biyar kawai za ka ba ni, kuma ba wanda zai gani, lamba muke sawa a madadin suna."

"In ba wanda zai gani, me za ki yi da shi?"

Ta yi dariya, ta sake bayani, ta ce kwamfuta ce za ta haɗa su ta fitar da zane. Shi dai yana ta duban tiyub a cikin ruwa. Da ta gama ya ce, "Ni ban san sunan kowa ba. Ni dai ana gaya mini." Ta yi juyin duniya, ya ƙi. Ta tafi da takardarsa babu ko ɗigo a kanta. Ya koma gida yana jin daɗi, har ya ba Hussaina labarin yadda ya yi da 'yar boko. Allah Sarki, bai san cewa cikin mutum ɗari da sittin da aka tambaya, ɗari da goma sha biyu sun riga sun ambaci sunansa ba.

Gab da faɗuwar damina suka dawo da akwatin. Mai gari da kansa ya aika aka kira Mainasara, ya ce binciken baƙi ya nuna rumfarsa ce mahaɗar gari, a nan za a kafa. To wa zai ce wa mai gari a'a? Kuma a faɗi gaskiya, kansa ya ɗan kumbura. Ba liman aka zaɓa ba, ba Alhaji mai tarakta ba, shi mai faci aka zaɓa. Zuciyarsa ɗaya na cewa kada ka yarda, ɗayar na jin daɗi, ya bi mai jin daɗin.

Akwatin bai fi kwanon awo girma ba, ruwan toka, an ɗaure shi a dirkar rumfa. Akwai farantin sola a kan kwano, da mazurarin da ruwan sama ke shiga, da waya da aka binne a gonar da ke bayan rumfar, da 'yar lasifika, da maɓalli biyu. Da hantsi da kuma bayan la'asar sai muryar mace ta fito da Hausa tsaf: ruwan jiya kaza ya kai, ƙasa ta jiƙu zuwa kaza, a dakata da shuka ko a yi. Mutane suka yi ta dariya, suka sa masa suna Baƙon Mainasara. Da ya ce a dakata bayan ruwan farko, wasu suka yi biris suka shuka, rana ta ƙone musu iri. Daga nan aka fara zuwa saurare da gaske, benci biyu suka daina isa.

Abin ya fara damun Mainasara ne cikin marka. Aka yi kwana huɗu rana ba ta fito ba, sai akwatin ya rage magana, ya koma sau ɗaya a yini. Ya buga wa Raihana waya ya ce kayanta ya lalace. Ta ce lafiyarsa ƙalau, shi da kansa ne ya ga batirinsa ya yi ƙasa ya rage aiki, haka aka ƙera shi, ya dubi halin da yake ciki ya daidaita kansa. Bayan mako biyu kuma, wata safiya, ba wanda ya taɓa shi, sai ga akwati ya fito da sabuwar magana: duk wanda ya ga tsutsa a gonarsa ya danna jan maɓalli. To fa! Ya sake kiranta. Ta ce ita ce ta aika masa sabon umarni daga ɗakin bincikensu, ƙwaƙwalwar cikinsa irin wadda ake sauya wa aiki ce ba sai an kwance ta ba, kuma wannan ne ma ainihin abin da take bincike a kai. Cikin murna ta ƙara da cewa akwai irinsa guda bakwai a ƙauyuka har zuwa Baure, suna miƙa wa juna saƙo, in ɗaya ya mutu sauran su nemi wata hanya da kansu.

"Wato magana suke da junansu," in ji shi.

"Kusan haka, Baba."

Ranar bai ci tuwon kirki ba. Shi abin da ya sani, famfo famfo ne, guduma guduma ce, ba za ka kwana ka tashi ka tarar guduma ta koma almakashi ba. Abin da wani zai zauna a can wani gari ya sauya masa aiki, wa ya san aikin da yake yi yanzu? Kuma ga inda suke zaune. Iyakar Nijar tafiyar babur ce ta 'yan mintoci, akwai masu tsallakawa da gero ko jarkokin mai ta hanyoyin daji ko da an hana, kowa ya san su, kowa ya kama bakinsa. Rabin irin wannan maganar a bencinsa ake yin ta, ƙasa-ƙasa, taku uku daga akwatin.

Sai ya gwada shi irin gwajin da ya iya. Tiyub in kana zargin yana yoyo, iska kake hura masa ka ga inda za ta fita. Wata rana da azahar, babu kowa, ya matsa kusa da akwatin ya ɗaga murya kamar yana waya, ya ce gobe da hantsi za a bi ta bayan tsohuwar rijiya da jarka ashirin. Washegari ya rufe rumfa, ya je ya zauna a gindin wata kuka yana hango rijiyar. Har rana ta take ba wanda ya zo, sai wata Bafulatana da tumakinta. Sau uku yana yin haka, wurare daban-daban, ko tsuntsu bai gani da kaki ba. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ya ce wataƙila sun fi shi wayo ne.

Bayan an yi girbi Raihana ta dawo. Ta ce ƙa'idar aikinsu ce a koma wa mutane da abin da aka samo a wajensu, kada a kwashe a tafi. Kyakkyawar niyya ce, wallahi, ba wanda zai ce ba haka ba. Aka taru a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, ta buɗe wata ƙatuwar takarda aka kafe a bango. Ɗigo-ɗigo ne ɗari da sittin, babu suna ko ɗaya kamar yadda ta yi alkawari, kowane ɗigo da kibiyoyi suna fita daga gare shi zuwa waɗanda ya ambata. A tsakiya akwai wani ƙaton ɗigo, kibiyoyi sun yi masa caa ta ko'ina.

Haba! A garin da kowa ya san adadin akuyoyin kowa, cire suna me zai hana? Nan da nan aka fara karantawa. Wancan gungun na mutum tara ai gidan Sarkin Noma ne, ga ɗigo biyu can da ba kibiya tsakaninsu, ai su wane ne da ba sa ga maciji. Aka yi ta dariya. Na tsakiyar kuwa ba a ma tsaya tambaya ba, duk aka juya ana kallon Mainasara, shi kuma yana murmushi yana sosa ƙeya.

Auta direba ne ya ɓata taron. Mutum ne mai baki, yana jan motar haya tsakanin Daura da Baure. Ya matsa har hancinsa na taɓa takardar, ya bi da yatsa, sannan ya juyo.

"Malama, tsaya. Kowane ɗigo akwai kibiya mai shiga akwai mai fita. Wannan na tsakiya fa? Duk shiga suke yi. Ina mai fita?"

Ta ce mai wannan ɗigon bai ambaci kowa ba ne, shi ya sa.

"To duk maganar da muke zubawa a ciki, ina take zuwa?"

Dariya ta tsaya cak. Wani daga baya ya ce, "Ai ga inda take zuwa can a ɗaure a dirka." Raihana ta yi ta bayani cewa kibiyar ba tafiyar magana take nunawa ba, wanda aka ambata kawai take nunawa, amma ina! Ido ya riga ya ga zane. Mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaye ta kai tsaye ko akwatin nan yana jin magana.

Da 'yar siyasa ce, da ta ce a'a ta rantse an wuce wurin. Amma injiniya ce, an koya mata kada ta faɗi abin da ya wuce abin da ta tabbatar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yadda yake yanzu ba ya ji, ba mu sa masa abin ɗaukar murya ba."

"Yadda yake yanzu," in ji Auta. "Gobe fa? Ba ke kika ce daga can kuke sauya shi ba?"

"Aikinsa muke sauyawa. Kafin ya ji sai an ƙara masa wani abu a ciki."

"Amma ana iyawa."

Ta ce, "Ana iyawa, amma ba mu yi ba."

Mutanen da ke kusa da Mainasara a tabarma ba su tashi ba, amma ya ji sun janye gwiwoyinsu.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an manta kafin wata damina. Kwana goma sha ɗaya bayan taron aka tare Sha'aban. Sha'aban aminin Mainasara ne tun suna yara, tare aka yi musu kaciya, shi ne ma babban abokinsa ranar aurensa da Hussaina. Ya ɗauki buhun gero uku zai tsallaka da su ta wata sabuwar hanya da ya gano, masu kaki suka fito masa daga cikin sabara kamar an ce musu ga shi nan. Suka tafi da geron da babur ɗin, ya dawo gida a ƙafa. Kuma ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa a waje ɗaya kawai ya taɓa faɗin hanyar nan, a bencin Mainasara.

Washegari da sassafe, kafin Mainasara ya gama share rumfa, sai ga Abdulbaƙi, ƙanen Sha'aban uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Tayarsa lafiya lau, shi ya sace mata iska da kansa don ya sami dalilin zama. Ya jira har aka shafa sholisho, sannan ya fashe da kuka. Ya ce shi ma ya san hanyar, ya ji Yaya na kwatanta wa matarsa. Ran kasuwar Mai'aduwa, a teburin mai shayi, don ya burge wasu baƙi, ya yi ta cika baki da wayon yayansa har ya kwatanta musu wurin. Bai san su ba. Yanzu ya tabbata su ne.

"Don Allah, don Annabi, Yaya Mainasara, amana na ba ka. Ka san halinsa. In ya ji, ni da shi har abada, kuma tsohuwarmu ba za ta ɗauka ba."

Mainasara ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya ce, "To me ya sa ka gaya mini?"

"Wa zan gaya wa in ba kai ba?"

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mai gari ya kira su zaurensa, Mainasara da Sha'aban da dattawa shida. Raihana ma ta zo daga Daura da sukundireba a hannu, ta ce a kawo akwatin ta buɗe shi a gaban kowa. Aka buɗe. To wa ya san abin da yake kallo? Wani koren faranti ne da ƙananan abubuwa baƙaƙe a jere. Ta nuna wannan ta nuna wancan, dattawa suka gyaɗa kai don ladabi kawai.

Mai gari ya juya ga Mainasara. "Ko akwati ne ko baki ne, a rumfarka maganar ta fita. Kai kake jin komai a garin nan. Ka san wani da ya san hanyar nan ban da kai?"

Abdulbaƙi na tsaye a bakin ƙofar zaure cikin 'yan kallo, Mainasara na ganin ƙafafunsa. Kalma ɗaya ce ta rage tsakaninsa da wanke kansa. Ya dubi Sha'aban, wanda ya ƙi dubansa. Ya ji baƙin ciki, ya ji tsoro, kuma ya ji haushin kowa a zauren, har da kansa da ya karɓi akwatin don a ce shi ne mahaɗar gari.

"Ranka ya daɗe, ni ban gaya wa kowa ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Ba ita na tambaye ka ba. Na ce ka san wani?"

Ya sunkuyar da kai. "Abin da aka gaya mini, an gaya mini ne."

Sha'aban ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Shekara hamsin, Mainasara," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

Ba a yanke masa hukuncin komai ba, ba a kore shi ba, ba wanda ya ce masa ɗan leƙen asiri a fuska. Raihana ta kwance akwatin a ranar, tana ba shi haƙuri idonta ya cika da ƙwalla, ya ce ba komai, alhali da komai. Mutane suka ci gaba da kawo taya, don ƙaya ba ta daina huda ba. Sai dai in an shafa sholisho, mutum ya zaro waya ya yi ta latsawa, ko ya ce bari ya je ya dawo. Minti goma sha biyar ɗin nan da a da ba sa isa, suka koma masa kamar yini. Abdulbaƙi shi ya fara ƙaurace wa rumfar, da rani ya yi kuma ya tafi kudu neman aiki bai dawo ba. Wani mutumin Baure ya buɗe rumfar faci can gaban makarantar firamare, benci ya fara cika a can. Da daminar bara ta zo, labarin tsutsa bai iso kunnen Mainasara ba sai da ta cinye masa rabin dawa, a bakin Hussaina ma ya ji.

Bana da rani farar motar ta dawo. Bincikensu ya tanadi a sake tambayoyin nan bayan shekara biyu a ga abin da ya sauya. Gidaje da yawa ba su buɗe musu ba, Hussaina kuwa da tsintsiya ta raka su. Ran da za su tafi, Raihana ta zo rumfar ita kaɗai da tsakar rana. Ta rame, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce ba za ta sake kafa zane a bango ba, amma shi tana ganin haƙƙinsa ne ya gani in yana so. Ya ce ba ya so. Ta miƙe za ta tafi, ya ce, "Kawo."

Ta buɗe kwamfuta a kan benci. Babu ƙaton ɗigo a tsakiya, garin ya rabu gungu-gungu, kowane gungu na magana da kansa. Ta nuna masa wani ɗan ɗigo can gefe.

"Wannan ne kai, Baba."

Ya matso da ido. Kibiya ɗaya ce tak ta nufo shi.

Ya daɗe yana kallonta. "Wane ne?"

"Ba zan iya faɗa maka ba, Baba."

"Ni kaɗai. Ba wanda zai ji."

"Na sani. Amma ba zan faɗa ba."

Ya gyaɗa kai, bai sake roƙo ba. Ta rufe kwamfutarta, ta rusuna ta yi masa sallama, motar ta kama hanyar Daura. Ya zauna shi kaɗai yana lissafa fuskoki. A ransa suna ɗaya yake so ya zama shi ne, kuma ya fara gaya wa kansa cewa ba mamaki, ai mutum na iya yin fushi a fili ya ambace ka a ɓoye, shekara hamsin ba wasa ba ce.

Yana cikin haka ya ji ƙarar taya mara iska tana jan ƙasa. Ya ɗaga kai. Sha'aban ne ya ɓullo daga hanyar gona, yana tura wani tsohon babur da ya samu, tayar baya ta kwanta, zufa ta jiƙa masa riga har ƙugu. Rana ta take, ko kare ba ya son fita. Mainasara ya miƙe tsaye da sauri, har ya jawo benci cikin inuwa, ya ɗauko sifana.

"Sannu da rana, Sha'aban."

"Yauwa," in ji Sha'aban.

Bai tsaya ba. Ya wuce rumfar, ya hau kwalta, ya ci gaba da turawa zuwa wajen makarantar firamare.